Ranin da Tsutsa Ta Ƙi Jin Magani

Bayan na gama sakandare na yi rani uku ina aikin feshi a fadamar Malikanchi. Ƙanin mahaifina, wanda muke ce wa Baffa, shi ya sayo injin feshin, irin wanda ake goyawa a baya ana matsa hannunsa. Ya ce tunda ban samu gurbin karatu ba, in riƙa fesa masa tumatir, ranar da ba aikinsa kuma in yi wa maƙwabta. Gonarsa tana bakin wani tafki da ba ya ƙafewa sai ƙarshen bazara. Daga nan injin ban-ruwa yake jan ruwa, daga nan nake cika tankin feshi, a nan kuma nake wanke shi in na gama.

Ranin farko aikin ba wuya. Murfin kwalba ɗaya na magani nake zubawa a tanki, in bi layi-layi har in kai ƙarshen gona. Tsutsar da muke yaƙa ƙarama ce, da kyar ta fi ƙwayar shinkafa. Takan shiga cikin ganye ta cinye naman ta bar fatar fari-fari, in tumatir ya fara 'ya'ya kuma ta huda su ta wajen gindi. In na yi feshi yau, gobe ka tsaga ganye ka same ta ta yi baƙi ta sandare. Sai bayan sati biyu nake sake goya injin.

A rani na biyu feshin ya koma duk sati. Ba wanda ya tsaya tambayar dalili, aka ce zafi ne ya yi yawa bana. A na uku kuwa, na yi feshi ranar Asabar, ranar Litinin Baffa ya tsaga ganye a gabana, ga ta nan koriya shar tana motsi. Ya tsaga wani, haka. Bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini kwalbar ya ce ranar kasuwa in tafi Maƙarfi in mayar wa mai shagon da muka saya a wurinsa, in gaya masa jabu ya sayar mana.

Mai shagon mutum ne mai sanyin magana, kuma da alama ba ni ne na farko da ya zo masa da wannan ƙorafi ba. Ya bar ni na gama bayani, sannan ya tura hannu bayan wani kwali ya kamo kyankyaso, ya ajiye shi a kan siminti, ya ɗiga masa ɗigo ɗaya daga kwalbar da na kawo. Kyankyason ya juya ya yi rigingine, ƙafafunsa suka ɗan yi rawa, ya tsaya.

“Ka gaya wa Baffanka maganina yana kisa,” in ji shi. “Tsutsarku ce ta daina mutuwa.”

Ya ce mutanen Furana da na Kudan duk haɗawa suke yi yanzu, ya ɗauko mini wasu kala biyu, ɗaya a ciki maganin ƙwarin auduga ne. Na ɗaura su a bayan babur na koma.

Daga nan muka shiga haɗi. Murfi biyu na wannan, ɗaya na wancan, daga baya muka daina aunawa sosai. Duk bayan kwana uku nake feshi. Ruwan tankin yakan yi fari kamar nono, warinsa kuma ya bi ni har gida, ko na yi wanka da sabulu sai matar Baffa ta ce in zauna nesa da kwanon tuwo. Bayana ya yi ƙuraje inda tankin yake ɗiga. Kowace gona a fadamar haka ake yi, don in ka tsaya maƙwabcinka bai tsaya ba, gani kake duk ƙwarin gonarsa gonarka za su dawo.

Belbelu na fara lura da su. Sukan bi ruwa a cikin kwalbatin ƙasa da muke haƙa tsakanin kunya, suna tsintar abin da ruwan ya koro. Wata safiya na samu uku a kwance a ƙarshen gona, ɗaya da sauran rai, wuyanta a lanƙwashe, tana buɗe baki. Na ɗauke su da fartanya na jefa cikin ciyawa. Bayan kwana kaɗan ƙananan kifayen karfasa suka taso saman tafkin, cikinsu a sama, daidai gefen da nake wanke tanki. Wasu mutane sun kwashe a bokiti sun tafi da su gida, ban ce musu komai ba. Gaskiya a lokacin ciwon kan da nake kwana da shi ya fi damuna fiye da kifi.

Bayan gonarmu akwai itatuwan mangwaro da ɗorawa, kuma wani tsoho ɗan garinmu yana da amya a kansu, ya fi shekara talatin yana cire zuma a wurin. Wata rana da hantsi, muna zaune da Baffa a inuwa ina haɗa magani, ya zo da ƙwarya a rufe da faifai. Suka gaisa, ya tambayi gida da iyali da ruwan fadama, Baffa ya tambayi ƙafarsa da ke ciwo. Sai da gaisuwa ta ƙare ya ɗage faifan. Ƙudan zuma ne matattu, sun kai rabin ƙwaryar. Ya ce a gindin bishiya biyu kawai ya share su.

“Malam, ba ƙara na kawo ba,” ya ce. “Na kawo ne ka gani.”

Baffa ya kalli ƙwaryar, ya ce:

“Baba, in na daina feshi yau, jibi ba ni da gona.”

Tsohon ya ce ya sani. Abu biyu kawai ya roƙa: a daina feshi da hantsi lokacin da zuma ke sauka shan ruwa a kunya, a bari sai yamma ta yi, kuma a daina wanke injin a tafki. Baffa ya juyo ya dube ni. Ban san ya san a nan nake wankewa ba. Daga ranar na haƙa rami a can nesa da ruwa, na koma feshi bayan la'asar. Sauran masu gonaki dai wasu sun bi, da yawa ba su bi ba.

Malamin gona ya zo daga Ikara ana saura kaɗan a fara tsinka. Ya zaga gonar, ya karanta takardun jikin kwalabenmu, ya ce biyu daga cikin ukun abu ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Ya yi mana bayani a tsaye cikin kunya. Duk feshin da muka yi, ya ce, akwai 'yan kaɗan masu taurin rai da suke tsira, su ne suke haihuwa, 'ya'yansu kuma su gado taurin, har aka wayi gari duk gonar jikokinsu ne. Ya tambayi Baffa yaushe rabon da ya ga gizo-gizo ko zanzaro a cikin tumatirin. Baffa ya ce bai lura ba. Malamin ya ce su ne da suke cin tsutsar, su kuma ba su da wannan taurin, tun feshin farko suke mutuwa. Shawararsa ita ce a tsinke abin da ya tsira, a tumɓuke sauran a ƙone, a huta da tumatir a wurin.

Baffa bai yarda nan take ba. Ya sa na ƙara feshi sau biyu. Da aka zo tsinka, yawancin abin da muka tara a kwando hudajje ne, ruwa na zuba ta ƙasa kafin a kai bakin titi. Masu motocin sayen tumatir suka duba suka wuce.

Da muka fara tumɓukewa, wani Bafulatani da ya saba shigo da shanunsa fadamar bayan girbi ya zo ya ce a bar masa ganyen. Baffa ya hana shi. Mutumin ya ji haushi, ya ce shekara da shekaru suna mutunci, yau kuma ganyen da za a zubar ake masa rowa. Baffa ya kama hannunsa ya kai shi ramin da nake wanke injin, ya nuna masa tulin kwalaben da muka jefa a ciki, ya ce duk wannan yana jikin ganyen. Mutumin ya tsuguna ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya ajiye, ya goge hannunsa da ƙasa. Ya kora shanunsa ta hanyar Saulawa, bai bari sun sha ruwan tafkin ba.

Kwana biyu muka yi muna tara ganyen, muka bar shi ya sha rana, sannan muka sa wuta. Hayaƙin ya sa ni tari har na kwanta kwana uku. Kafin damina ta faɗi takardar shiga kwalejin horon malamai ta zo mini, na tafi Zariya. Rani na gaba Baffa albasa ya shuka a gonar, rabinta kuma ya ba wani maƙwabci aro ya sa alkama.