Dokin Malam Garba da Kwanon Wakena

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar maigidana, Malam Garba na unguwar Nima, Allah ya jiƙansa. Mutane suna tuna shi da karatu da haƙuri. Ni kuwa, Allah na gani, da doki nake tuna shi, don dokin nan ya sa na sha kunyar da ban taɓa sha ba a Ankara.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Malam ya yi shekaru yana kula da dawaki a barga kafin ya ajiye aiki, ni kuma ina sayar da wake da shinkafa a bakin titi. Wata ranar Laraba na aike shi sayen nama, sai ga shi ya dawo da naman yana tafiya da ƙafa huɗu. Wani ramammen doki ne, haƙarƙari a waje, gadon baya duk tabon bulala, an kai shi wurin mahauta don mai shi ya gaji da shuri. Ba wanda ya taɓa hawansa. Malam ya sa masa suna Sauran Kwana, ni kuma na yi kwana uku ban yi wa Malam magana ba.

Ba a yi mako ba dokin ya shure tukunyar dokunu, tuwon masarar nan, ta maƙwabciyarmu. Magana ta kai gaban Mai Unguwa, ya yanke hukunci: ranar Babbar Sallah Malam zai hau dokin daga Nima zuwa Maamobi ya dawo lafiya, kowa na gani. In ya kasa, a mai da dokin wurin mahauta. Wata huɗu aka ba shi.

Na zaci washegari zai ɗaura sirdi. Ina! Mako biyu ya yi yana zama kusa da turke kawai, yana jan carbi, har dokin ya fara miƙo wuya yana shinshinar hularsa. Daga nan ya shiga shafa shi da tsumma, wuya, ciki, ƙafafu, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa irin wadda ni matarsa ban taɓa samu ba. Sai ragama, sai koyon tsayawa da ja da baya. Ya buɗe masa laima a fuska, ya kaɗa masa gwangwani, ya shanya masa zanena a baya. Da aka zo kan nauyi, buhun shinkafata ya fara hawa dokin nan kafin kowane ɗan Adam.

Don ya saba da hayaniya, kullum da safe ina gaba da babban kwanon wake a ka, Malam na biye da igiya a hannu, doki na bayansa. Direbobin trotro, motocin hayan nan, su danna oda, 'yan dako su yi ihu. In mun isa rumfata, in zuba wa dokin dusa da ɗan kanwa don ya bar ni in yi ciniki. Unguwa kuwa ta samu abin dariya. Wani mahauci yakan tare mu ya ce, "Malam, yau ma kai ne a ƙasa? Ko shi za ka goya?" Malam ya yi murmushi ya ce, "Bai ce in hau ba tukuna."

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga Nima ta yau, inda ko akuya ba ta da wurin kwanciya, yara kuma su sayi babur da safe su ɗauki fasinja da rana. Na tabbata sai ya sa su tura babur ɗin wata guda kafin su zauna a kai. Mutum ne da gaggawa ke ba shi haushi fiye da zagi.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, unguwa ta cika ƙofar gidanmu. Mahaucin nan har da igiyarsa ya zo. Malam ya yi bisimilla, ya sa ƙafa a likkafa, ya hau. Dokin ko gezau. Aka yi kabbara. Malam ya saki linzami ya ce mu je, doki ya tsaya. Ya taɓa shi da diddige, doki ya tsaya. Ya lallashe shi, ya kira sunansa, Sauran Kwana sai waige-waige yake kamar wanda ya ɓatar da wani abu a kasuwa. Dariya ta ɓarke. Wani ya miƙo bulala, Malam ya ce, "A yanka shi ya fi mini sauƙi da in ɗora masa wannan." Na kuwa san da gaske yake.

Sai na lura ni dokin yake nema da ido. Na ruga ciki, na suri kwanon wake, ba komai a cikinsa, na ɗora a kan sabon ɗankwalina na Sallah, na wuce gaba. Ƙwas, ƙwas, sai na ji kofato a bayana. Ashe wata huɗun nan Malam na zaton igiyarsa dokin ke bi, alhali kwano yake bi. An koya masa komai a duniya, ban da tafiya ba ni a gaba.

Haka na taka har Maamobi na dawo, cikin kwalliya, da kwano fayau a ka, mata na tambayata ko da sauran wake. Mai Unguwa ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce sharaɗi ya cika, ba a ce kada mace ta shige gaba ba. Da Malam ya sauko, a gaban jama'a ya ce, "Ladi, ashe ni da shi duk ke muke bi." Na ce ya rufa mini asiri ya shiga gida, amma raina ya yi fari ƙal.

Daga baya dokin ya koyi tafiya shi kaɗai, ya kuma riga Malam mutuwa da shekara biyu. Malam bai bar gida ko fili ba. Ya bar 'ya'yan da bai taɓa ɗaga wa hannu ba, su ma ba su daki nasu ba. Kwanon kuma yana nan, ya lotse, jikokina sun sha cewa in yar. Ina kewarsa ƙwarai, mutumin nan mai taurin kai. Har yau in na fita da kaya a ka, nakan tsinci kaina ina rage sauri, don su biyun ba sa son in yi musu nisa.