Hannuwan Ɗanƙarami da Tabkin Guna

Kullum da hantsi za ka gan shi ya ɗaura damin karan gero a bayan tsohon babur ɗinsa, ya bar Damagaram ya nufi wani tabki a ƙasar Guna. Mushe, wato Malam, Ɗanƙarami ke nan, ma'aikacin biron kula da muhalli, wanda zai ajiye aiki ƙarshen watan nan.

Karan na mene ne? Wasu masu garaji ne a unguwar Zango suka mai da tabkin juji. Sai su cika tano, wato ganga, da baƙin man da suka juye daga injin mota, su je su tuttule a ruwan, wai taimako suke yi, mai na kashe ƙwan sauro. Taimakon banza da wofi. Ruwan nan shi mata ke ɗiba, shi dabbobi ke sha. Inna Balki, mai lambun albasa a bakin tabkin, ta ce mini awakinta sun mutu, jikarta kuma ta sha kwanciya da ciwon ciki.

Ɗanƙarami ya kai kuka sama har ya gaji, aka ce babu kayan aiki. Sai ya naɗe wando ya shiga da kansa. Ya shimfiɗa kara a kan ruwa, mai ya manne, ya kwashe ya kai nesa. Haka shekara da shekaru. Ranar da ya tare wani mai garaji da tano a amalanke, mutumin ya soma waƙar sauro. Manoma na tsaye suka ji amsar Ɗanƙarami: "Alhaji, in magani ne, fara zubawa a randar gidanka."

Kai ne garkuwar tabki, Ɗanƙarami. Man nan ya cinye maka fatar hannu, ta yi baƙi, ta tsattsage kamar ƙasar rani. Wallahi raina ya ɓaci ranar wani taro a birni, da na ga wani babba ya dubi hannun nan ya janye nasa, ya gaishe ka da ka kawai. Kunya ba ta kama shi ba.

Mun gode, Allah ya saka maka. Ku kuma da ke zaune a biro, da mu da muke kallo, kara bai ƙare a gonaki ba, sai a naɗe wando. Jiya Inna Balki ta tambaye ni wa zai shiga ruwan bayan Ɗanƙarami. Ta ce masu garaji ma sun san ranar da zai ajiye aiki.