Shekarar da Inna ta sa muka yi binne

A nan Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, inda nake tuƙa wa 'yan gini tuwo, wasu kan ce tsoro ne ya cika mu mutanen ƙauye. Raina yakan ɓaci. Ba su san Inna ba.

Ina yarinya masu bindiga suka mamaye dajinmu, kudu da Maraɗi. Suka kwashe rumbunmu tas, sai damin iri da Baba ya soke cikin jinka ya tsira. Kowa ya san za su dawo. In iri ya tafi babu shuka, in babu shuka zama ya ƙare.

Baba ya ce a haƙa rami a ɗaka.

Inna ta ce, "Malam, su ma ɗiyan manoma ne, sun san ramin ɗaka. Mu yi binne."

Binne shi ne a shuka hatsi a busasshiyar ƙasa, ya kwanta yana jiran ruwa. Dab da damina ake yi, ga shi lokacin ko gajimare babu. Baba ya ce in yayyafi ya yaudari irin ya tsiro, rana za ta kashe shi. Inna ta ce gara rana ta ci da ƙato ya ci.

Muka sussuke damin muka fita gona. Baba na sara da sungumi, mu muna zuba ƙwaya muna turbuɗewa da diddige. Ƙasa ta ƙona mini ƙafa har ta yi bororo. Na yi kuka, Inna ko kallona ba ta yi ba. Ranar na ji haushinta ƙwarai.

Suka dawo a kan babura. Suka birkice ɗakuna, suka tone har gindin randa. Babbansu ya tsaya kan Inna tana wanke tukunya.

"Tsohuwa, ina hatsi?"

Ba ta miƙe ba. Ta nuna gona da haɓa. "Ga shi can duka, ɗana. Ƙwaya-ƙwaya munka sa shi. Tahi ka tsince."

Ya dubi gonar har ƙarshenta. Ya ɗaga gindin bindiga ya fasa mata baki har haƙori ya fita, suka tafi hannu rabbana.

Ruwa ya yi jinkiri, tururuwa ta ci rabonta, rabin gonar bai fito ba. Da sauran ya tsiro, Inna ta bi gonar kunya bayan kunya tana dariya da giɓinta a waje, tana yi wa daji daƙuwa da hannu biyu.