Tsarabar da ta kusa raba ni da Madina

Ni mutuniyar Damagaram ce, kuma a lokacin da abin nan ya faru ina aiki a gidan wata tsohuwa a unguwar Anbariyya ta Madina, da iƙamata, wato takardar izinin zama, lafiya lau. Hajiya haifaffiyar Madina ce amma kakanninta Kanawa ne, Hausarta rabi Larabci, faɗanta kuwa cikakke. Gwiwoyi ne suka matsa mata, har ta daina zuwa Harami sai a keken turawa. Ni kuma a lokacin ina da wani hali, duk abin da ya fito daga ƙasar Turawa gani nake ya fi ƙarfin tambaya.

Ƙanena da ke tuƙin babbar mota a Amurka ya zo Umra, ya kawo mini tsaraba: sabulai, takalmi, da wata kwalbar mai, ya ce na ciwon gaɓoɓi ne. Kun san mu, ba a tsare mai tsaraba da tambaya. Na yi godiya na sa albarka. Akwai hoton wani ganye mai yatsu a jikin kwalbar, ni dai na ɗauka rama ce irin tasu. Kullum bayan la'asar sai in zauna a ƙasa, in ɗora ƙafar Hajiya a cinyata ina murza mata, tana ba ni labarin Madinar da. Ba a jima ba ta fara cewa ta ji sauƙi. Hajiya kuwa ba ta iya cin alheri ita kaɗai, sai ta tsiyaya man a 'yan kwalaben turare ta raba wa tsofaffin maƙwabtanta.

Ana nan ƙanena ya kira daga can yana tambayar gwiwa. Na yaba masa mai, shi kuma yana dariya ya ce ai man wiwi ne, mai kyau, a shago mai lasisi ya saya. Wai a jihar da yake zaune doka ta yarda a sayar wa mara lafiya da ma mai lafiya, amma idan ka tsallaka wata jihar sai a kama ka. Na tambaye shi to Madina a wace jihar tasu take. Sai a nan ya farga. Ashe bawan Allah jefa kwalbar ya yi cikin sabulai ya ratso filin jirgi da ita, bai ko tuna ba. A nan kuwa ba ruwan hukuma da na sha ne ko na shafawa. Na ga kurkuku, na ga tarhil, wato a tisa ƙeyata gida ba dawowa, ga mahaifiyata da 'ya'yana biyu da ke ci daga aikin nan.

Na tuttular da ragowar, amma saura na maƙwabta, kuma a wajenmu karɓe kyauta abin kunya ne. Sai na tafi rumfunan Uhudu na sayo man zaitun da na habbatus sauda na gauraya, na bi gida-gida ina cewa an aiko da sabo wanda ya fi ƙarfi, a ba ni tsohon. Kowa ta miƙo da murna, ban da wata 'yar Sudan da ɗanta ɗan sanda ne. Ranar ma yana gida da kakinsa yana shan gahawa. Uwar ta ce ita tsohon ya karɓe ta, ba ta canzawa. Ina tsaye sai shi ɗan ya sa baki, ya ce wa uwarsa ta daina wahalar da baiwar Allah. Da hannunsa ya ɗauko kwalbar ya ba ni, har da dabino. Ban san yadda na sauko daga benensu ba.

Na ci gaba da murza wa Hajiya haɗina, tana ta yabon man Amurka har gaban baƙi. Abin ya dame ni, wata rana na faɗa mata komai ina jiran faɗa. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce tun ranar farko ta gane, wai ita da ta girma a Madina za a ɓoye wa ƙanshin habbatus sauda? Ta yi shiru ne don kada in daina zama. 'Ya'yanta suna aiko mata da magani iri-iri, in ji ta, amma ba wanda ke zama ya riƙe ƙafarta. Ni ce na koma kuka, ita tana lallashina.

Ƙanena har yau idan ya kira sai na tambaye shi lafiyar jiharsu. Ku kuma 'yan'uwa masu zuwa da masu karɓar saƙo, ku sani dokar wani gari ba ta bin mutum cikin jirgi, a ƙofar garinsu take tsayawa. Ku buɗe tsaraba ku tambaya, ko da daga hannun ɗan'uwa ta fito, kunyar tambaya ba ta kai ta kamu ba. Ni dai Allah Ya rufa mini asiri, ina nan Anbariyya, kuma la'asar na yi Hajiya za ta miƙo ƙafa.