Turakun da Laka ta Shanye

A unguwar Bagdadiyya ta Jidda na tashi, a wani gida da zafi ke koro mu kan rufi da an idar da magariba. Can Kaka ke hura gawayi tana gasa mana masara, hayaƙi na shiga ido, iskar teku kuwa sai ta ga dama take zuwa. "Ga ta nan, da ƙafa ta ratso daji," in ji ta. Mu ce, "Yalla ya Kaka, ta zo!" Sai ta harare ni. "Kai maigida, in Hausarka ta ƙare a Larabci, ka nemi wata matar."

Akwai tatsuniya guda da ta fi yi mana. Wani mutumin tudu ne ya ɗauko tsohuwarsa za su Makka, har suka iso bakin tafkin Cadi. Kwale-kwale ba ya matsowa gaɓa, tsakani laka ce har ƙugu, tsohuwa kuma ƙafafunta sun mutu. In ya goya ta, tare za su nutse. Masu jirgi suka ce jibi za su tashi, da ita ko ba ita.

Ya ce zai yi mata gada. Ya saro itace, ya fiƙe gindin kowane turke kamar yadda ake kafa rumfa a garinsu, ya buga. Gari na wayewa laka ta shanye su. Ya samo dogaye, ya ƙara fiƙewa, ya hau gwaji, sai ga shi tsundum.

A nan Kaka ke maƙe murya, ta koma wata mai kyafa kifi da ke kallonsa tun jiya. "Bawan Allah, wa kake son sokewa? Ƙasan nan ba ta da ƙashi. Yanke tsinin nan!" Ta sa ya shimfiɗa damman ciyawar tafki a gicciye, ya ɗora faffaɗan katako, sannan ya tsayar da turakun a kai. Gada ta ɗan lotsa, ta tsaya. Ya goyi uwarsa suka taka har cikin jirgi.

Sai bayan rasuwar Kaka Baba ya gaya mini mutumin nan mahaifinta ne, ita ce ma ta riƙe masa gatari.

Na yi shekaru ina aiki a tashoshin jiragen ruwa, daga Jidda har Port Sudan da Aden, na ga ana buga ƙarfe sai ya taɓo dutse. Mu dai ba mu taɓo ba. Nan Jidda aka haife ni, amma har yau sabunta iƙama nake, takardar izinin zaman baƙo. Da ƙuruciya abin na cin raina, na yi ta neman wani babba guda da zan kafe a jikinsa. Ban samu ba. Abin da ya riƙe mu shi ne ƙanwata a unguwar Safa, surukai, abokan aiki, maƙwabtan da suka san sunan Kaka. Wata shekarar mu ɗan yi ƙasa, halas, shi ke nan, amma 'ya'yanmu na takawa ta kanmu suna wucewa.