Kwalaben Mama Damaris

Tun watanta na farko a Landan Damaris Katung ta daina yarda da ruwan famfon garin. Ta leƙa cikin butar shayinsu a flat ɗin da suke haya a unguwar Edmonton, ta ga wani farin abu ya kama gindinta kamar an goga alli. Mijinta Hosea, wanda ya riga ta zuwa yana tuƙin bas, ya ce haka ruwan nan yake, ta cikin duwatsun alli yake biyowa. Damaris ta riƙe abin a ranta.

'Yar Kagoro ce. A Jos ta koyi aikin ɗakin gwaje-gwaje, sai dai a nan ba a karɓi takardarta ba. Aikin da ta samu shi ne wanke kwalabe a ɗakin bincike na wata jami'a, can ƙasan bene, a wani ɗaki mai taga ɗaya. Wankin ba irin na kwanuka ba ne. Kwalba sai ta kwana cikin ruwan asid, a ɗauraye ta sau bakwai da tataccen ruwa, a kife ta ta bushe, kuma yatsa ba ya taɓa cikinta. Shekara ashirin da biyu tana wannan. Ƙarfe bakwai da rabi tana bakin aiki, ko an soke tashin jirgin ƙasan Overground ko ba a soke ba.

A bara aka ɗauki wata 'yar Zariya mai suna Muhibbat, wadda ba ta daɗe da gama digiri ba. Ranar da ta fara aiki ta ji Damaris a waya tana yi wa 'yarta Sharon faɗa da Hausa, Sharon na amsawa da Turanci. Ta jira aka kashe wayar, ta matso ta durƙusa.

"Ina kwana, Mama."

"Tashi, 'yata, kar Turawan nan su ɗauka kin faɗi su kira mana motar asibiti."

Daga ranar suka riƙa cin abincin rana tare. A nan Muhibbat ta yi mata bayanin aikinta. Gansakuka take rainawa, irin koren nan da ke kama saman tafki. Ta ce kowace ƙwayar halitta tana da agogonta a ciki, kuma wani sinadari da ake kira magniziyam yakan ƙaru a cikinta da yamma, ya ragu wajen asuba. Hawa da saukar nan suna da hannu a lokacin da ƙwayar za ta ƙona abinci ta yi aiki da lokacin da za ta lafa. Ko an bar mata fitila a kunne kullum, ba ta daina.

"Ai na sani," in ji Damaris. "Ganyen gyaɗar babana da yamma yake rufewa, ba wanda ke gaya masa ƙarfe nawa. Ashe sai da kika zo Landan za ki ji labari."

Aikin Muhibbat shi ne auna sinadarin a lokuta daban-daban, ta nuna hawansa da saukarsa a takarda. Wata biyu tana awo, layin bai taɓa fitowa daidai ba. Yau ya haura da safe, gobe da rana, jibi ya kwanta. Ta rame, ta daina gama abincinta.

Wata Litinin shugabar ɗakin binciken, Baturiya mai magana a hankali, ta sauko ƙasa da kanta. Ta ce an duba injin awo lafiyarsa ƙalau, an duba gansakukar ita ma lafiya. Saura kwalabe, domin akwai alamar wani magniziyam daga waje yana shiga awon. Ta ce dama ana shawarar a koma sayen robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya, kuma ranar Alhamis za a zauna a yanke ko a rufe ɗakin wanki. Ta ba da haƙuri sau uku kafin ta hau.

Damaris ta zauna a kan kujerarta. Shekararta hamsin da takwas, ta san ba wanda zai ɗauke ta wani sabon aiki. Abin da ya fi ci mata rai shi ne a ce ta bar wurin da sunan wadda ta ɓata wa yarinya bincike.

Washegari ta hau sama, abin da ba ta cika yi ba. Ta ɗauki kwalba ɗaya daga kantar Muhibbat ta ɗaga ta wajen taga. A gefen gilashin akwai ɗigo-ɗigon fari, wanda sai mai neman sa zai gani. Ta san shi, shi take kankarewa a butarta kowace Asabar. Ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin wurin wanke hannu, ta ga soso da robar sabulun wanke-wanke a ɓoye bayan bokiti. Sai a lokacin ta tuna rabon da kwandon Muhibbat ya sauko mata da kwalba fiye da biyu ko uku.

Da rana ta jira yarinyar ta buɗe abincinta.

"Muhibbat, wa ke wanke miki kwalabe?"

Cokalin ya tsaya a hannun Muhibbat. "Ni ce, Mama."

"Da wane ruwa?"

"Na famfo. Amma ina ɗaurayewa sosai, wallahi, har sai sun yi ƙyalli."

"Me ya hana ki kawo mini?"

Ta sunkuyar da kai. "Kin girmi mahaifiyata. Ta yaya zan ɓata abu in turo miki ki wanke ina zaune? A gidanmu ko kofin da na sha ruwa ban isa in miƙa wa babba ba."

Damaris ta dube ta, dariya na neman kuɓuce mata. "To kin ji. Kin girmama ni har kin kusa mayar da ni gida in zauna ina kallon Hosea yana barci a kujera. Ruwan garin nan yana ɗauke da abin da kike aunawa, 'yata. Duk kwalbar da ta bushe da shi, ta ƙara miki nata a kai."

Muhibbat ta ajiye cokalin. Ta ce wata shida aka ba ta na gwaji, idan aka ji ita ta yi wannan, ba ta san me zai biyo baya ba. Damaris ba ta lallashe ta ba, ba ta kuma ce za ta kai ƙararta ba. Ta tura mata robar gwatenta ta ce ta ci, sannan ta koma ƙasa ta jiƙa kwalabe arba'in a asid.

Ranar Alhamis Damaris ta sa rigar da take zuwa coci da ita, ta zauna a kujerar ƙarshe. Shugabar ta fara karanta takardar rufe ɗakin wanki. Ba ta kai rabi ba Muhibbat ta miƙe, ta ajiye soson da robar sabulun a kan tebur, ta faɗi komai. Shugabar ta tambaye ta dalili, ta yi ƙoƙarin bayyanawa da Turanci, maganar ta ƙi zama.

"Tarbiyya ce ta yi mata yawa," in ji Damaris daga baya. "Ku ba ta mako biyu da kwalabena."

Aka ba ta. A kwana na goma sha ɗaya Muhibbat ta sauko da takarda a hannu. Layin ya hau da yamma, ya sauka da asuba, ya sake hawa, kwana uku a jere. Maganar rufe ɗaki ba a sake tayar da ita ba.

Har yanzu Muhibbat ba ta iya turo kwandon da amalanke kamar sauran. Da kanta take sauko da shi, ta ɗan rusuna a bakin ƙofa ta ce, "Mama, ki yi haƙuri." Damaris takan karɓa, ta ɗaga kowace kwalba wajen taga tukuna, sannan ta ce mata ta koma bakin aikinta.