Tanti Rabi da Gaisuwar da Ba a Yanke wa Wutsiya

Ku da kuka taɓa hawa benen Tanti Rabi a Villeurbanne, can ƙasar Faransa, kun san dokar gidan: ba a shiga da guntuwar gaisuwa. Ka ce mata "sa ba?" irin na Faransawa, sai ta nuna maka ƙofa da yatsa. "Hita ka sake shigowa." Har likitoci masu furfura na ga ta mayar waje, sun dawo suna tambayar gida da gajiya da sanyi kamar 'yan makaranta.

Yayar mahaifina ce, 'yar Damagaram, atamfa take sayarwa a falonta. Ni kuwa da na zo karatu Bron, garin da ke kusa da ita, kunya ta gama da ni. In malami ya kira sunana sai gumi, baki ya ƙi buɗuwa. Ba ni da ƙawa ko ɗaya. Kafin sanyi ya wuce na riga na yanke shawarar tattara kayana in koma gida, karatun ya tafi can.

Da na gaya mata, ko kallona ba ta yi ba. "Sa takalminki, Sa'a. Mu tahi."

Muka hau tiram, jirgin ƙasan cikin gari. Ta zungure ni da gwiwar hannu, ta nuna wani tsohon Bature mai rungume da ƙaramin kare. "Tambaye shi lahiyar karen."

"Haba Tanti! Kare?"

"To shi ne iyalinshi. Ke in an tambayi naki ba ki jin daɗi?"

Na tambaya. Wayyo Allah! Ashe karen ciwon ƙafa yake yi. Bawan Allah ya kawo tarihi tun daga haihuwa har allurar jiya, muka wuce tasharmu ban sani ba. Da muka sauka Tanti ta gyara mayafi ta ce, "Kin gani? Kalma guda kika zuba, ya cika miki kwano."

Daga nan sai na wuce gona da iri. Na fara kwaikwayon wata 'yar ajinmu mai iya zance, har karya wuya da ɗaga gira. Ranar da na raka Tanti Paris sarin kaya, na gwada salon a kan wani mai shago a Barbès. Tanti ta ajiye bandir ɗin da ke hannunta, ta leƙa fuskata.

"Wannan muryar ta wa ce?"

Ta ƙara da cewa:

"Maida wa mai ita, tana can tana nema."

Mai shago ya fashe da dariya, ni ma tawa ta kuɓuce. Ku da kuka san dariyata kun san ba ta da kyau, kamar jaki ya ga dusa. Tun ina yarinya nake toshe ta da tafin hannu. Tanti ta kama hannun ta sauke shi. "Yauwa! Ga ɗiyar ƙanena ta iso Faransa. Dā wata ce aka aiko mini."

Ban koma gida ba. Na gama karatun, har yanzu da wannan dariyar nake shiga taro.

Shekarar da ciwo ya shanye mata ɓarin jiki, maganarta ta ɗauke gaba ɗaya. Masu dubiya su zo asibiti su zauna jugum, ba su san me za su ce wa matar da kullum ita ke jan hira ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Sai na ja kujera na ɗauki zancen. In gaishe ta, in amsa da muryarta, in ba ta labarin wa ya haihu, wa ya yi rigima da wa. Idonta na bina.

Wata safiya na shigo a gaggauce, na ce, "Tanti, ya jiki?" na zauna. Sai na ga hannunta mai lafiya yana ɗagowa a hankali. Yatsa ya miƙe ya nuna ƙofa.

Na fita. Na tsaya a baranda ina dariya ina kuka. Na share ido, na yi sallama, na soma gaisuwa tun daga "ina kwana", ban tsallake ko ɗaya ba.

Allah ya jiƙan Tanti Rabi, ya haskaka kabarinta. Allah ya sa mala'iku sun tarbe ta da gaisuwa cikakkiya, irin wadda take so.